Yadda zaka gane okid ɗin ƙasa in ka ci karo da shi a daji, da inda ake nemansa

Yawancin mutane in aka ce okid, abin da ke faɗo musu a rai shine wannan furen na cikin tukunya da ake ajiyewa a otal ko ofis, ko kuma wanda ke maƙale a jikin bishiya saiwoyinsa na reto. To akwai wasu da ba ruwansu da bishiya sam, a ƙasa suke fitowa cikin ciyawa, kuma su ne aka fi takawa a wuce ba tare da an san me aka taka ba. Dangin okid gaba ɗaya sun kai wajen iri 28,000, kusan kashi 70 cikin 100 a kan bishiyoyi suke rayuwa, sauran kuma mafi yawansu a ƙasa, sannan in ka cire Antatika babu nahiyar da ba a samunsu. Kenan duk inda kake, in dai akwai filin da garma bata taɓa shiga ba, akwai yiwuwar suna nan. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan rubutun shine ka iya gane shi a inda ya tsiro, ka san dalilin da ya sa ya zaɓi wurin, sannan ka bar shi a nan.

Mataki na farko: fara da lokaci, ba da wuri ba

Wannan shine abin da ke kada mutane da yawa. Okid ɗin ƙasa ba duk shekara yake a sama ba. Yawancinsu suna da saiwa mai kumburi a cikin ƙasa inda suke ajiye abinci da ruwa, in rani ya yi tsanani ko sanyi ya kama sai duk abin da ke sama ya bushe, tsiron ya kwanta a ƙasa watanni, wani lokacin ma ya tsallake shekara guda ko biyu bai fito ba sam. Don haka in ka je wuri baka gani ba, ba yana nufin babu ba ne.

A ƙasashe masu damina da rani, lokuta biyu ne zaka riƙe. Na farko shine ƙarshen rani zuwa saukar ruwan farko, musamman inda wuta ta cinye ciyawa. A nan ne irin su Eulophia cristata da Eulophia cucullata ke turo karan fure tun kafin ganye ya fito, sai kaga kara ɗaya tsaye a tsakiyar toka da furanni masu launin shunayya mai haske ko ruwan hoda, ba ganye ko ɗaya a gindinsa. Wutar ta share musu fili ne, haske ya isa ƙasa, ga kuma ƙwari na hango su daga nesa. Kuma ba a Afirka kaɗai ba, a Ostareliya akwai Pyrorchis nigricans da zai yi shekaru yana fitar da ganye kawai, sai bayan gobarar daji zai yi fure da yawa. Lokaci na biyu shine tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, shine lokacin Habenaria da danginsa, waɗanda ke fitowa da ganyensu da furensu tare a cikin doguwar ciyawa.

A ƙasashen sanyi kamar na Turai kuma, daga Afrilu zuwa Yuli ne mafi yawansu ke fure. Furen ba ya daɗewa, makonni kaɗan ne, in ka makara sai wata shekarar.

Mataki na biyu: ka san irin ƙasar da suke so

A nan zan ɗan daɗe domin shine rabin aikin. Abin da zai baka mamaki, okid ba ya son ƙasa mai taki. Inda aka zuba takin zamani, ciyawa ce ke samun ƙarfi ta yi tsawo ta rufe shi, shi kuma tafiyar hawainiya yake, ba zai iya gasar ba. Inda aka yi huɗa kuma an yayyanka saiwar, shi kenan. Saboda haka kar ka ɓata lokacinka a tsakiyar gona, nemi wuraren da aka bari yadda suke tun fil azal.

Fili mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, wanda wuta ke ci lokaci-lokaci kuma dabbobi basu cika kiwo a kai har su aske shi ba, nan ne gidan Eulophia da yawa. Bakin fadama da wuraren da ruwa ke kwanciya kuma akwai nasu daban, kuma su ne ƙattin. Eulophia angolensis mai furanni rawaya a cikin laka yake tsayawa, Eulophia horsfallii kuwa karan furensa na iya wuce mita 2, ya fi mutum tsawo, ganyensa faffaɗa ne mai naɗe-naɗe. In ka hango shi daga nesa zaka ɗauka wani abu ne aka dasa don ado, alhali shi ya fito da kansa.

Sai duwatsu. Waɗannan manyan duwatsun da ke da 'yan ramuka da tsagogi inda ganye ya ruɓe ya zama 'yar ƙasa kaɗan, ka leƙa su da kyau, musamman ɓangaren da ke samun inuwa. Eulophia guineensis yana matuƙar son irin wannan wurin, ana samunsa daga yammacin Afirka har zuwa kudancin yankin Larabawa, kuma yana da sauƙin ganewa don kawunansa, wato kumburarren gindin da yake ajiye abinci da ruwa a ciki, a saman ƙasa suke a cunkushe, koraye masu tsini. Inda ruwa ke tsattsafowa a jikin dutse da damina kuma, nan zaka duba ƙananan Habenaria.

Ƙarƙashin kurmi ma akwai, cikin busasshen ganye inda rana bata cika kaiwa ba. Oeceoclades maculata a nan yake, ganyensa ɗaya ne a kan kowane kai, mai kauri, kore da ɗigo-ɗigon kore mai duhu. Asalinsa ɗan Afirka ne amma ya bazu har Barazil da tsibiran Karibiyan da jihar Fulorida ta Amurka, yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da basu da zaɓe sosai. A Turai kuma filayen ciyawa masu ƙasar alli su ne suka yi suna, can ake samun Ophrys apifera. Har gefen titi da tsoffin maƙabartu da ba a zuba wa taki ana tsintar su a can.

In ka isa wuri, kar ka yi ta sauri. Tsaya a gefe ka bi filin da ido tukuna, kana neman kara miƙaƙƙe guda ɗaya mai furanni jere a samansa. In ka ga ɗaya to ka duba ƙafarka kafin ka ɗaga ta, domin inda ɗaya ya yi fure yawanci akwai wasu ƙanana kewaye da shi da basu kai ba.

Mataki na uku: abin da zaka riƙe

Ba wani abu mai yawa ba ne. Waya mai kyamara, ɗan gilashin ƙara girma in kana da shi, rula, littafi da biro, ruwan sha, da takalmi mai rufe ƙafa har idon sawu saboda wuraren da okid ke so macizai ma na so. Abin tona ƙasa kam bar shi a gida.

Mataki na huɗu: durƙusa ka karanta furen

Launi ba ya tabbatar maka da komai, akwai fari, akwai rawaya, akwai shunayya, akwai kore da ko ka kalle shi ba zaka ce fure ba ne. Ginin furen ne shaida, kuma abu huɗu zaka duba ɗaya bayan ɗaya.

Ka fara da ƙirga. Furen okid ganyayyaki 6 gare shi, 3 a waje 3 a ciki. Daga cikin na ciki akwai ɗaya da ya sha bamban da sauran, yawanci ya fi girma, ya fi ado, yana fuskantar ƙasa, shi ake kira leɓe. Shine wurin saukar ƙwaro. Wani leɓen shimfiɗaɗɗe ne, wani ya naɗe ya zama aljihu, wani ya rabu 3, wani yana da 'yan tudu-tudu a tsakiya a jere. A Eulophia guineensis leɓen faffaɗa ne fari-fari ko ruwan hoda da jijiyoyi masu duhu a gindinsa, sauran 5 ɗin kuma sirara ne masu launin kore da ƙasa-ƙasa, duk sun miƙe sama. A Ophrys apifera leɓen har gashi gare shi da zane irin na jikin ƙudan zuma. In ka raba furen daga sama zuwa ƙasa, dama da hagu daidai suke, amma ta wata hanyar ba zai rabu daidai ba.

Na biyu, leƙa tsakiya. A yawancin furanni zaka ga 'yan zarurruka da yawa kowanne da garin fure a kansa. Okid ba haka yake ba. Ɓangaren namiji da na mace sun haɗe sun zama ɗan turke guda ɗaya mai kauri, yana tsaye a saman leɓen. Wannan turken shine babbar shaida, in ka gan shi magana ta kusa ƙarewa. A samansa akwai 'yar hula, ƙarƙashinta garin furen yake amma ba a warwatse ba, a dunƙule yake ƙwallo biyu ko fiye, da ɗan abu mai danƙo a gindi. Ƙwaro na shiga sai dunƙulen ya manne masa a kai ko a baya, ya tashi da shi dungurungum zuwa wani furen. Wasu na gwadawa da tsinke su ciro dunƙulen don su gani, ni dai bana goyon bayan haka a daji, don furen da ka cire wa nasa ya rasa damarsa kenan ta wannan shekarar. Gilashi da zum ɗin kyamara sun isa.

Na uku, duba bayan furen. Abin da kake ɗauka ɗan karan da ke riƙe furen ne, in ka lura yana da kauri da layi-layi, to shine kwanson irin tun bai girma ba, a ƙarƙashin furen yake ba a cikinsa ba. Kuma sau da yawa zaka ga layukan sun murɗe. Dalili kuwa, tun furen na toho leɓen a sama yake, sai furen ya juya digiri 180 kafin ya buɗe don leɓen ya dawo ƙasa. Gaskiya duk lokacin da na kalli wannan murɗewar sai abin ya burge ni. Akwai waɗanda basa juyawa, kamar Satyrium, wanda leɓensa ke zama a sama ya yi rumfa, da wutsiya biyu a baya.

Na huɗu shine wutsiyar. Da yawa suna da ɗan bututu da ya fito daga gindin leɓe ya yi baya. A Eulophia gajere ne, wani ma ɗan kumburi ne kawai. A Habenaria kuwa dogo ne siriri, wani ya kai santimita da yawa, kuma in ka haɗa wannan da farin launi ko kore da ƙamshin da ke tashi da yamma, ka san malam-buɗe-littafin dare ne ke zuwa masa, don shi ne mai dogon bakin da zai kai ƙarshen bututun. Manyan Eulophia masu ruwan hoda kuma manyan ƙudan nan masu huda itace ne ke ziyartarsu. Kusan kashi 1 cikin 3 na okid ma babu zaƙin komai a cikin furensu, ado ne kawai suke jawo ƙwaro da shi, shi ya sa zaka ga kara mai furanni 20 amma kwanso 2 ko 3 kaɗai ya kama.

Mataki na biyar: ganye da gindi

In ba lokacin fure ba ne, ganye zai baka alama amma ba tabbas ba. Jijiyoyin ganyen okid a miƙe suke daga gindi zuwa tsini, bakin ganyen sumul ba zarto, gindinsa kuma ya rungume kara. Wasu ganyensu dogo ne mai naɗe-naɗe, wasu sirara har ka ɗauka ciyawa ce, wasu Habenaria ganye biyu zagayayyu suke shimfiɗawa a ƙasa. Nervilia ganye ɗaya tak yake yi mai siffar zuciya, kuma sai furen ya gama ya bushe sannan ganyen ke fitowa, ba zaka taɓa haɗa su a hoto ɗaya cikin sauƙi ba. Akwai ma waɗanda basu da koren ganye sam, kamar Neottia nidus-avis na dazukan Turai da Asiya, duk jikinsa ruwan ƙasa ne. Rhizanthella gardneri da aka gano a yammacin Ostareliya a 1928 kuwa har furensa a cikin ƙasa yake yi.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma, ka sani dai a ka: wasu ƙwallo biyu ne, ɗaya tsoho da ke ƙarewa ɗaya sabo na baɗi, wasu kuma jere suke a sarƙe, kowace shekara a ƙara ɗaya. Baka buƙatar ganinsu kafin ka gane tsiron.

Mataki na shida: ka tace masu kama da shi

Gladiolus na daji shi ya fi ruɗa mutane, shi ma kara ɗaya ne da furanni jere cikin ciyawa, amma leƙa ciki zaka ga zarurruka 3 daban-daban, ba turke. Dangin citta na daji irin su Siphonochilus aethiopicus su ma suna turo fure mai shunayya daga ƙasa a farkon damina, har da abu mai kama da leɓe, sai dai furen laushi gare shi sosai, a daf da ƙasa yake, ba ya wuce kwana ɗaya, garin furensa ba dunƙule ba ne, kuma in ka murza ganyen zaka ji ƙamshin yaji. Ƙuduji kuma furensa bututu ne guda mai baki 5, ganyensa na da kaushi, kuma a gindin hatsi ko ciyawa yake don a jikinsu yake ci. Ka'idar dai ɗaya ce, leɓe da turke da kwanso a bayan fure, sai ukun sun haɗu.

Mataki na bakwai: hoto da rubutu

Hoto ɗaya daga sama ba zai taimaki kowa ba, ko masani ba zai iya faɗa maka suna da shi ba. Ɗauki furen ta gaba yadda leɓe da turke za su fito, ɗauke shi ta gefe don wutsiyar ta fito, ɗauki tsiron gaba ɗaya da rula a gefe, ɗauki ganyen in akwai, sannan ka ja da baya ka ɗauki wurin baki ɗaya. A littafi ka rubuta kwanan wata, tsawon kara, yawan furanni, ko akwai ƙamshi, ko ƙasar yashi ce ko laka ko dutse, rana ko inuwa, ko wuta ta ci wurin, da guda nawa ka ƙirga. Zaka iya ɗora hotunan a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan tsirrai da dabbobi, masana su taya ka da suna, amma ka zaɓi a ɓoye ainihin wurin, manhajar tana da wannan zaɓin. In a Facebook ko WhatsApp zaka saka, kar ka kwatanta hanya, don ba kowa ke kallon hoton da zuciya ɗaya ba.

Mataki na takwas: kar ka tona, ga dalili

Na san in ka ga irin wannan furen zuciya zata raya maka ka cire ka kai gida ka dasa. Don Allah kar ka yi. Irin okid kamar ƙura yake, kwanso ɗaya na ɗauke da dubbai, kuma babu guzurin abinci a cikinsa irin wanda sauran iri ke da shi. Ba zai tsiro ba sai ya faɗa inda akwai wata irin funfuna ta cikin ƙasa, dangin naman kaza, wadda zata shiga jikinsa ta ciyar da shi. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano haka a 1899 da ya ga irin Neottia na tsirowa tare da funfunar. Daga nan tsiron kan yi shekaru a ƙasa kafin ganyen farko ya leƙo, wasu shekarun kuma kafin fure. Da yawansu har sun girma basa rabuwa da funfunar, shi ya sa wanda aka tono aka sa a tukunya zai yi fure sau ɗaya da ɗan abin da ya tara, daga nan ya yi ta ramewa har ya mutu. Kai baka samu ba, dajin ma ya rasa.

Kuma an ga inda wannan ɗabi'ar ke kaiwa. A Ingila masu tara furanni sun yi ta tone Cypripedium calceolus har aka ayyana ya ƙare a 1917, sai a 1930 aka tsinci guda ɗaya tilo a yankin Yokshaya, aka koma gadinsa shekara da shekaru. A Turkiyya ana tone saiwar Orchis da danginsa ana yin garin salep da ake dama abin sha da shi, kilo ɗaya na cin saiwa sama da 1,000. A Zambiya ana yin wani abinci da ake kira chikanda da saiwar Disa da Satyrium da Habenaria, buƙatar ta yi yawa har ana shigo da su daga tsaunukan kudancin Tanzaniya, wannan na cikin abin da ya sa aka kafa gandun Kitulo a 2005 don kare furannin wurin. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, da ta fara aiki a 1975 ta sa dukkan dangin okid a jerinta, ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da takardar izini.

In kana son na gida, sayi wanda aka rena a gidan renon tsirrai. Tun 1922 Lewis Knudson na jami'ar Cornell ya nuna ana iya tsirar da irin okid a cikin kwalba da sukari da sinadarai ba tare da funfuna ba, kuma da wannan hanyar ake samar da su da yawa yanzu. Spathoglottis plicata na kudu maso gabashin Asiya okid ɗin ƙasa ne da ke jure tukunya da lambu sosai a ƙasashen zafi, da shi ya kamata sabon shiga ya fara. In mai sayarwa ya kawo maka kawuna da ƙasar daji a jikinsu da saiwoyi a tsinke, ka san daga inda suka fito, kar ka saya.

Mataki na tara: ka koma

Ziyara ɗaya rabin labari take baka, musamman ga waɗanda furensu ke riga ganye. Sa alama da dutse ɗan nesa da gindin ko ka adana wurin a taswirar wayarka, ka dawo bayan makonni kaɗan. Zaka tarar da ganyen ya fito, kuma furen da ya kama kwansonsa ya kumbura, wasu a rataye yake fuskantar ƙasa wasu a tsaye, da layuka a tsawonsa, nan ne zai tsage in ya bushe iska ta kwashi irin. Ƙirga kwanso nawa ya kama cikin furannin da ka ƙirga da farko, ka rubuta kusa da lissafin baya, ka ɗauki hoton ganyen ka haɗa da na furen a wuri ɗaya. In filin na da mai shi, ka nuna masa wurin ka roƙe shi kar a yanke ciyawar ko a saki dabbobi a wannan ɗan ɓangaren sai kwanson ya bushe ya fashe.